Ra'ayinmu: Jamaika da Batun Tada Jirgin Ƙasa

Tsibirin Jamaika ya samu hanyar dogo tun 1845, amma a watan Oktoba na 1992 jirgin fasinja ya tsaya cik. Jiragen da ke jigilar ma'adinin alminiyam kaɗai suka ci gaba da aiki.

A 2011 gwamnati ta sake tada jirgin tsakanin Spanish Town da Linstead. A Agustan 2012 aka rufe shi, domin kuɗin tikiti bai biya ɗawainiyarsa ba. Da muguwar rawa, ai gara ƙin tashi.

Mu a ganinmu, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, in ta ce za ta gyara layin Kingston zuwa Montego Bay, wajen kilomita 180 ta cikin duwatsu, to bashi za ta bar wa jikoki. Jirgin ƙasa da kaya mai nauyi da doguwar tafiya yake ci, tsibiri kuwa ina ya ga nisa? Ga kuma guguwa, irin ta 1988 da ta lalata layin.

Ba cewa muke a watsar da dogon ba. Tsibirin Morishus ya rufe nasa a 1964, sa'an nan a 2019, da taimakon Indiya, ya buɗe ƙaramin jirgi daga Port Louis, inda cunkoson jama'a yake. Jamaika ma a 2022 ta soma kai 'yan makaranta Spanish Town da jirgi. Irin wannan gajeren layi muke goyon baya, muddin an tanadi kuɗin gyara tun kafin a busa usur.