Lambun Gida: A Koya Wa Kokwamba Hawa

Da yawa cikinmu mazaunan Kakuri, da Narayi, da Television, da Sabon Tasha a gidan haya muke, filin da ke bayan ɗaki kuwa bai fi shimfiɗar tabarma ba. Tun da masaƙun Kakuri suka rufe, kuɗin cefane ya ragu a gidaje da yawa, abin da akan fara yankewa kuwa shi ne ɗanyen kayan lambu na yara. Wannan watan za mu ga yadda wannan ɗan fili zai ba mu kokwamba.

Kokwamba 'yar'uwar gurji ce da kankana. In an bar ta a ƙasa sai ta yi yaɗo ta cinye wurin, 'ya'yanta su ruɓe cikin laka. Maganin wannan shi ne a sa ta hau sama. Kafa sanduna biyu masu tsawon ƙafa 6 a jikin katanga inda rana ke bugawa. Ɗaura gora a bisansu, ka sauko da igiya ɗaya ga kowane tushe.

Jan ƙasarmu ta Kaduna takan ƙanƙame, don haka haɗa ta da tsohon kashin kaji ko taki wanda ya ruɓe sarai. Sabon kashi yana ƙone saiwa. In tsakar gidan siminti ne, cika buhu da ƙasar, ka huda gindinsa. Nemi iri mai suna Marketmore ko Poinsett wurin masu sayar da iri. Sa ƙwaya 2 a rami mai zurfin inci 1, ka bar ƙafa ɗaya da rabi tsakanin ramuka. A fara da ruwan Mayu, gama yawan ruwan Agusta yana kawo ciwon ganye.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ban ruwa. Kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne. In ta sha yau, ta kwana uku da ƙishi, sai 'ya'yanta su yi ɗaci su tanƙware. A zuba ruwa a gindi kowace safiya, ban da kan ganye. Wannan aikin yara ne kafin su tafi makaranta.

Kada ka damu in furannin fari sun zube, maza ne. Macen tana da 'yar ƙaramar kokwamba a bayanta, zuma ce kuwa ke kai mata garin namijin. Saboda haka kada a yi feshin magani da safe sa'ad da zuma ke aiki.

Wajen mako 7 ko 8 za ka fara tsinka. Yanka da wuƙa tun tana kore shar. In ka bar ɗaya ta yi rawaya, uwar za ta rage haihuwa. Tushe 6 sun isa iyali, har a miƙa wa maƙwabciya.

Wata mai zuwa za mu duba alayyafo, in Allah ya yarda.