Masanan Siyasa da Ruwan Haɗejiya

A makon nan wani shehun malami na ilmin siyasa ya share kusan sa'a guda a rediyo yana warware mas'alar yaƙin Rasha da Yukren dalla-dalla, amma da wani mai sauraro ya tambaye shi dalilin da ya sa da wuya kaka ta wuce ba a zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma ba, sai ya ce jahilci ne da rashin haƙuri, ya koma kan Turai.

Wannan fatawa ce ta wanda bai yi bahasi ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malalowa fadamun Haɗejiya da Nguru ya bar bin lokacin da kakanninmu suka sani, ya koma bin hukuncin masu buɗe ƙofofin madatsa can a ƙasar Kano. Ciyawar kacalla ta toshe magudanai, ta cinye wuraren shinkafa da na su, manomi ya matsa cikin burtali da mashaya, makiyayi kuwa, idan ya gangaro da shanunsa bayan damina, sai ya tarar hanyar da ubansa ya bi ta zama gona. Wa ke yanke wannan hukunci na buɗe ƙofofin madatsa, da shawarar wa, don maslahar wa? In wannan ba ya cikin ilmin siyasa, to, me ke cikinsa?

Ba na musun cewa abin da ya auku a Yukren ya taɓa farashin taki a kasuwanninmu. Sai dai malaman jami'a sun san hanyar ƙasarmu sarai, domin tun zamanin da Farfesa Attahiru Jega ya riƙe hukumar zaɓe, daga 2010 zuwa 2015, su ake ɗorawa amanar tattara sakamako. Su zo, su karanta alƙaluma, su tafi kafin ƙurar motarsu ta kwanta, ba tare da sun tambayi mai ƙuri'ar abin da ya hana shi barci ba. Wannan sakaci ne, kuma sakacin malami ya fi na jahili muni.

Ga jami'a a Dutse tun 2011, ga wata a Kafin Hausa tun 2013. A turo ɗalibai su zauna gaban ardo da sarkin noma da sarkin ruwa, su rubuta iyakar kowane burtali da sunan wanda ya ba da izinin nome shi, kafin a girbe shinkafar bana shanu su gangaro.