Hassada da Shugabanci

A cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, a sura ta 18 ta Littafin Sama'ila na Fari, akwai labarin Sarki Shawulu da yaronsa Dawuda. Da suka komo daga yaƙi, sai mata suka fito taryensu da waƙa, suka yabi Dawuda fiye da sarki. Tun daga ran nan Shawulu bai ƙara dubansa da idon rahama ba. Har ya jefe shi da mashi, Allah ya kuɓutar da shi. Amma Yonatan, ɗan sarkin, ya tuɓe rigarsa ya ba Dawuda, ya haɗa masa da takobinsa da bakansa.

Abin lura a nan shi ne, Dawuda bai ƙwace wa sarki kome ba. Nasarar da ya samo ta sarki ce da jama'arsa. Hassada ce ta mai da bara mai amana ya zama abin tsoro a idon ubangidansa.

Birnin Kano ma ya ɗanɗana irin wannan ɗaci. Sarki Abdullahi Maje Karofi da Sarki Muhammadu Bello duk 'ya'yan Ibrahim Dabo ne. Da Bello ya hau gado, sai ya tuɓe waɗansu 'ya'yan ɗan'uwansa daga sarauta, ya ɗaukaka ɗansa Tukur. Da ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan'uwansa suka ƙi yarda, suka fice zuwa Takai. Wannan shi ne mafarin Yaƙin Basasa.

Yusufu ya rasu a Garko bai sami sarautar ba. Ƙanensa Aliyu Babba ya ci birni a 1894, aka kuwa kashe Tukur a 1895. Jikokin mutum guda suka zub da jinin juna, garuruwa suka ƙone, talakawan da ba su nemi rawani ba suka rasa gidaje da gonaki. Shekara takwas bayan haka, watau a 1903, Turawa suka ci Kano.

Saboda haka, shugaban kirki shi ne wanda ke murna in na ƙasa da shi ya yi fice, gama hasken bara na ubangidansa ne. Wanda kuma bai sami shugabanci ba, ya kamata ya yi haƙuri, ya taimaki wanda ya samu. Ko a makaranta haka abin yake. Monitan da ke ƙin yaron da ya fi shi lissafi ya kama hanyar Shawulu. Wanda ya matsa kusa da yaron don ya koya, ya bi sawun Yonatan. Hausawa sun ce, hassada ga mai rabo taki ce.

Tambayoyi
1. Me ya sa Shawulu ya ƙi Dawuda?
2. Su wa suka fi shan wahala a Yaƙin Basasa?