Talala Ba Afuwa Ba Ce

Da damina, idan shuka ta fito, mai akuya ba ya sakin ta, don kada ta faɗa gonar maƙwabci a kai ƙararsa wurin mai unguwa. Ba ya kuma ɗaure ta gam a gindin turke, domin dole ta ci ciyawa. Sai ya samo doguwar igiya ya ɗaura mata a ƙafa, ya kafa turke a fili. Ta yi gabas, ta yi yamma, ta ci ta ƙoshi, har ta manta a ɗaure take, sai ranar da ta hango tsiron gero ta zabura, igiya ta fizgo ta. Wannan ɗaurin shi ne talala, kuma shi ya sa Bahaushe ya ce talala mai kamar sake.

Afuwa aro muka yi daga Larabci, kuma ma'anarta a shafe laifi baki ɗaya. Talala kuwa daga bakin masu kiwo ta fito, ta shiga fada da kotu, inda ake cewa an yi wa wane ɗaurin talala, wato yana gidansa amma ba shi da ikon kansa. Malamanmu kuma da ita suke fassara istidraji, kalmar da tushenta ɗaya da daraja, wato jan mutum mataki-mataki zuwa halaka ta inda bai sani ba, alhali yana ganin ɗaukaka yake yi.

A ƙissar Fir'auna cikin Suratul A'araf za a ga abin a fili. An saukar wa mutanensa ambaliya da fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini. Idan azaba ta tsananta sai su roƙi Annabi Musa (AS) ya yi musu addu'a, su yi alkawarin imani da sakin Bani Isra'ila. Da an ɗage musu ita zuwa wani ajali sai su warware alkawari. Sun ɗauka sauƙin da suka samu yafiya ce, har ruwa ya ci su. Mutanen Annabi Yunusa (AS) su ma sun ga alamar azaba, amma suka tuba, aka yaye musu. Duka biyun an ba su lokaci. Yadda kowa ya yi da nasa lokacin ne ya raba su.

Jinkirta hukunci a kan kansa ba laifi ba ne, sau da yawa ma rahama ce. Manzon Allah (SAW) ya jinkirta haddi a kan wata mata Bagamidiya har ta haihu, har ta yaye ɗanta. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 175, ya ba shugaban ƙasa ikon yafewa ko dakatar da zartar da hukunci na wani lokaci, sashe na 212 kuma ya ba gwamnoni irin wannan iko.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da jinkiri shaidar gaskiya. Mutum ya wawure dukiyar jama'a, a gurfanar da shi, lauyoyi su yi ta neman ɗage zama, shekaru su shuɗe, sai ka ji maroƙa da 'yan kanzagi suna cewa ai Allah ya wanke shi. Tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye da na Taraba Jolly Nyame an gurfanar da su a 2007. Sai a 2018 kotu ta yanke wa kowannensu shekara 14, Dariye ma yana kan kujerar sanata a lokacin. Daga baya an rage musu, kuma a 2022 gwamnatin Buhari ta yi musu afuwa. Doka ta ba ta dama, ban musa ba. Amma afuwar hukuma zaman kurkuku take ɗaukewa, ba ta da ikon yafe haƙƙin talakan da aka cinye masa kuɗin hanya da na magani.

Kada mu tsaya kan manya kaɗai. Akwai wanda ya danne gadon marayu shekara da shekaru, kasuwa tana ta buɗe masa, yana cewa albarka ce. Akwai mai tauye mudu, akwai wanda ya riƙe kuɗin leburansa ya tafi Umara da su. Ba a kama su ba, lafiyarsu ƙalau, 'ya'ya suna ta ƙaruwa. Hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna Allah kan saurara wa azzalumi, amma ranar da ya damƙe shi babu kuɓuta. Shirun maraya rashin ƙarfi ne, bai ce ya yafe ba.

Ɗan'uwa, idan ka san akwai haƙƙin wani a hannunka, gona ce ko kuɗi ko gado, ka nemi mai shi ko magadansa ka mayar musu tun kana da ƙafar zuwa, kuma ka roƙe su gafara da bakinka.