Kwantaragin ɗan ƙwallo da kwantaragin malamin lakwal



Ran Lahadin da ta wuce, kasuwar Filinge ta fara watsewa, muna zaune wajen mai shayi sai wani uban yara, wanda 'ya'yansa biyu suka bi ta ajina, ya miƙo mini wayarsa. Ɗansa da ke Yamai ne ya turo masa labarin wani ɗan wasan zari-ruga irin na Amurka mai suna Patrick Mahomes, wanda a watan Yulin 2020 ya sa hannu a kwantaragin shekara 10 da kulob ɗin Kansas City Chiefs a kan dala miliyan 450. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In aka juya kuɗin zuwa sefa sun haura biliyan 250. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka ga yaron da ya san darajar kansa."

Ban tanka masa ba, don ya girme ni. Amma da kunnena na taɓa jin wannan bakin yana cewa malaman kwantaragi da suka ajiye alli saboda an yi wata biyu ba a biya su ba, kwaɗayi ne ya yi musu yawa, ba su tausayin yara. Wanda ya yi ciniki a kan miliyoyi ya san darajar kansa, wanda ya nemi jika 75 ɗin da ya riga ya yi wa aiki shi ne makwaɗaici. Wannan hukunci na zo in ƙalubalanta yau, kuma da labarin 'yan ƙwallon nan nasu zan kafa hujja, tunda su ne suka burge mu.

Yawancin masu yaɗa irin wannan labari kan kuɗin suke tsayawa, ba sa tambayar yadda aka kai ga kuɗin. Gasar da ake kira NFL tana da kulob 32, kusan dukkansu a hannun attajirai. 'Yan wasan sun kafa ƙungiyar ƙwadagonsu, wato sandikarsu, tun 1956. A 1982 sun yi yajin aiki na kwana 57, har wasannin shekarar suka ragu daga 16 zuwa 9. A 1987 suka sake fita. Wannan karon masu kulob suka ɗebo 'yan wasan wucin gadi suka sa musu riguna, aka yi mako uku ana buga wasa da su. Wasu manyan taurari suka saɓa wa 'yan'uwansu suka koma fili, yajin ya karye bayan kwana 24 ba tare da an samu komai ba. Sai 'yan wasan suka ɗauki maganar zuwa kotu, suka yi shekaru suna shari'a, har a 1993 aka amince cewa wanda ya cika wasu shekaru kuma kwantaraginsa ya ƙare yana da 'yancin komawa kulob ɗin da ya fi taya shi. A 2011 masu kulob ne da kansu suka rufe ƙofa daga Maris zuwa Yuli. Yarjejeniyar da ake aiki da ita yanzu an sa mata hannu a 2020, za ta kai 2030, kuma sai da 'yan wasa suka jefa ƙuri'a a kanta: 1,019 suka yarda, 959 suka ƙi.

Me ke cikin takardar? An rubuta cewa 'yan wasa ne ke da aƙalla kashi 48 cikin 100 na kuɗin shigar gasar. An rubuta mafi ƙarancin albashi, wanda a 2024 ya kai dala 795,000 ga sabon shiga. An rubuta iyakar abin da kowane kulob zai kashe a kan albashi, dala miliyan 255.4 a 2024. An rubuta cewa wanda ya cika shekara uku yana da haƙƙin fansho. An rubuta wanda zai raba gardama in saɓani ya taso. Duk da haka rigima ba ta ƙare ba, don yawancin kwantaragin ba a lamunce biyansu gaba ɗaya, kulob na iya sallamar ɗan wasa in ya ji rauni ko ƙarfinsa ya ragu, kuma da yawansu ba sa wuce shekara uku ko huɗu a gasar. Shi ya sa a 2018 wani mai suna Le'Veon Bell na Pittsburgh Steelers ya ƙi buga wasa shekara guda cur, ya bar dala miliyan 14.5 a kan tebur, don yana neman kwantaragi mai tsawo da lamuni.

To, mu dawo gida. Ni da nake wannan rubutu na fita makarantar horon malamai na fara aiki a matsayin ɗan kwantaragi, na yi shekaru a haka kafin in samu lambar ma'aikacin gwamnati. Takardar da na sa wa hannu ba a zauna da ni ba wajen rubuta ta, ba a zauna da wakilina ba. An miƙo, an nuna mini wajen sa hannu. Bahaushe ya san ciniki: mai kaya ya faɗi, mai saye ya taya, a yi albarka ko a sallama. Inda mutum ɗaya ne ya yi kuɗi, ya taya, ya sallama wa kansa, wannan ba ciniki ba ne, ko da an kira shi kwantaragi.

Tsarin nan yana da asali. Bayan matsin tattalin arzikin shekarun 1980 da 1990, da karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, gwamnati ta kasa biyan ma'aikatanta a kan kari, ga yara suna ƙaruwa. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da 'yan sa-kai na ilimi a kan jika 35 a wata. Da shirin ilimi na shekara goma ya kankama a 2003 aka faɗaɗa tsarin, 'yan sa-kai suka koma 'yan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawan masu riƙe da azuzuwan firamare a Nijar. Ko sunan abin da ake ba su ba albashi ba ne. Da Faransanci pekil ake ce masa, wato ɗan guzuri. An daɗe ana biyan malamin firamare jika 75.

Ku duba kamannin da kyau. Masu kulob a Amurka sun kawo 'yan wucin gadi masu araha na mako uku don su karya masu neman haƙƙi. Mu a nan an kawo 'yan wucin gadi masu araha, wucin gadin ya haura shekara 25. Akwai wanda ya shiga aji yana saurayi, yau furfura ta fito masa, 'yarsa ta isa aure, har yanzu sunansa na wucin gadi.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce gasar Amurka kuɗi take kawowa daga talbijin da tallace-tallace, shi kuwa malami ba ya shigo da ko tamma baitulmali. Za a ce Nijar ƙasa ce matalauciya, kuma tsaro ya cinye kasafin kuɗi. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda ya fi mu mutanen Kurfai sanin maganar tsaro. Mun ga makarantun da aka rufe a jihar Tilaberi, ɗaruruwa, mun ga yaran da suka baro garuruwansu ta wajen Abala da Sanam suka cika mana azuzuwa. Sai dai ban ce a ba malami kashi 48 na komai ba. Abin da ya kamata mu ɗauko daga labarinsu ba ya buƙatar arzikin Amurka. Sanya ranar biya da cika ta ba sai mai arziki ba. Manomin Cikal da ya ɗauki 'yan ƙwadago noman gero ya san in rana ta faɗi zai sallame su, in bai yi ba gobe ba mai zuwa gonarsa, kuma gari duka zai ba shi rashin gaskiya. Rubuta cewa wanda ya yi shekara kaza yana koyarwa kuma ya ci jarrabawa kaza zai zama cikakken ma'aikaci, wannan ma ba sai an haƙo zinariya ba. Talauci yana iya rage yawan abin da za a biya. Ba ya hana a faɗi gaskiya game da ranar biya.

Iyaye kuma za su ce, duk wannan mun ji, amma in kun yi yaji 'ya'yanmu ne ke asara, 'ya'yan manya suna makarantun kuɗi a Yamai. Wannan ita ce magana mafi nauyi, ba zan kauce mata ba, don nawa 'ya'yan ma a lakwal ɗin gwamnati suke. Amma iyaye, ku ƙirga kwanakin da ake asara ba tare da an kira yaji ba. Malamin da aka tura ƙauye, mai kanti ya rufe masa littafin bashi, matarsa tana gida da yaro ba lafiya, in ya ji ƙishin-ƙishin kuɗi sun fito zai bar aji ya hau babur ya nufo gari. Ya zo ya tarar ba su fito ba, ya kwana biyu yana jira, ya koma da bashin mai a kansa. Wani ya koma kabu-kabu da yamma, wani ya buɗe teburin sayar da katin waya, wani ya samu hanya ya tsallaka Libiya ko Aljeriya a tsakiyar shekara, ajinsa ya zama na diraktan da ke riƙe da aji biyu dama. Wannan yajin ba sanarwa, ba rediyon da ke faɗarsa, kuma ya fi wanda ake sanarwa cin karatun yaranku. Yaron da ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙar babansa ba, ku tambayi sau nawa malaminsa na aji ɗaya ya canja.

Yanzu in juyo gare mu malamai, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. 'Yan ƙwallon Amurka sandika ɗaya gare su, tauraro mai miliyoyi da sabon shiga duk a inuwa ɗaya. Mu kuwa ga SNEN, ga SYNACEB, ga wasu barkatai da ko mu malamai ba mu iya lissafa su, kowace da sakatarenta da hatiminta. Wannan ta kira yaji, waccan ta ce a shiga aji. Mai lamba yana kallon ɗan kwantaragi kamar ba aiki ɗaya suke yi ba. Tsintsiyar da aka kwance maɗaurinta ba ta shara. Sannan su, shugabanninsu ba sa rufe yarjejeniya sai sun kawo ta gaban mambobi an jefa ƙuri'a. Mu sau nawa muka ji a rediyo an ce an cimma matsaya an janye yaji, alhali ba wanda ya nuna mana takardar? Wata shida a dawo kan magana ɗaya. Wanda ya taɓa ganin kwafin irin wannan yarjejeniya a manne a bangon makarantarsa ya faɗa mini.

Akwai kuma maganar cancanta. A watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa malaman kwantaragi jarrabawar tantancewa, sandikoki suka yi tir da ita, wasu suka ƙaurace, daga baya aka soke kwantaragin dubbai. Yadda aka gudanar da abin ya yi zafi, kuma waɗanda suka ɗauki mutum ba horo suka damƙa masa aji su ma suna da laifi. Amma sakamakon ya nuna rauni na gaske a cikinmu, mu daina musu. Ɗan ƙwallon da muke sha'awar kuɗinsa kullum ana auna gudunsa da ƙarfinsa. Mai neman a rubuta masa haƙƙinsa dole ya yarda a rubuta abin da ke kansa: zuwa aji a kan lokaci, shirya darasi, karɓar horo, da tantancewa wadda aka san ranarta da ƙa'idarta tun farko. Malamin da ke fakewa da yajin aiki ya tafi harkar kasuwancinsa, shi ne ke sa uban yara ya zage mu duka.

Abin da nake kira gare shi ke nan. A samu yarjejeniya ɗaya rubutacciya tsakanin gwamnati da wakilan malamai, mai wa'adin shekaru sanannu. A sa ranar biya a ciki, da abin da zai biyo baya in an saɓa. A sa matakan da ɗan kwantaragi zai bi ya samu lamba, da lissafin shekarun da ya yi a baya cikin fanshonsa. A sa ƙarin kuɗi ga wanda aka tura yankin da ake fama da 'yan bindiga. A sa haƙƙin yara a kan malami. A fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a karanta ta a rediyon gari, kowa ya ji abin da aka ɗaukar masa da abin da ya ɗauka.

Ku kuma iyaye, kuna da kwamitin kula da makaranta, COGES, kuna da ƙungiyar iyayen yara da ta uwaye. A taronku na gaba, bayan maganar alli da zanan rufin aji, ku tambayi malaman makarantarku yaushe rabon da a biya su. In an yi jinkiri, ku tashi wakilai su je wajen sufeton makarantu da hakimi da magajin gari su tambaya, kafin a kai ga ajiye alli. In kuma malami ne ya yi fashi ba dalili, ku kira shi gaban kwamiti. Hukuma tana iya toshe kunne ga malami, don ta saba da kukansa. Muryar iyaye ba ta saba ji ba.

Shi kuwa babanmu na wajen mai shayi, in wannan rubutu ya iso wayarsa, ina gaishe shi da girmamawa. Baba, yaron da ya koya wa 'ya'yanka karatu a rumfar zana, cikin zafin watan Afrilu, shi ma yana da daraja, kuma kai ne farkon wanda ya kamata ya faɗe ta.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kurfai da Nijar baki ɗaya, ya sa 'ya'yanmu su fi mu.