Saniya Da Takarda, Buhun Iri Ba Takarda

'Yan uwa makiyaya, duk wanda ya taɓa kora garke kudu ya san abin da ake sha a kan iyaka. Sai an nemi takardar ƙetarewa, irin wadda ƙasashen Afirka ta Yamma suka fito da ita a 1998, a ƙirga kawuna, a duba shaidar rigakafi, a rubuta hanyar da za a bi. Ba mu ƙi ba, don ciwon huhu in ya shiga garke ba ya tambayar ƙasar mai shanu.

To, buhun da ke hawowa daga kudu fa, wa ke tambayarsa takarda?

A 2018 Nijeriya ta saki audugar da aka sauya wa halitta, abin da 'yan boko ke kira OGM. A 2019 cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda aka yi wa dashe don ya kashe tsutsar da ke huda kwanso. A 2024 masarar TELA ta biyo baya. Ƙasarsu ce, da hukumarsu suka yi shawara. Amma hatsin da ya shiga kasuwar Jibiya ko Illela, kwana nawa zai yi bai iso Maraɗi ko Ƙonni ba? A tiya ake auna shi, kuma tiya ba ta da rubutu.

Manya za su ce akwai doka. Lalle akwai yarjejeniyar Kartahena, da aka ƙulla a 2000, ta soma aiki a 2003, kuma Nijar da Nijeriya duk suna ciki. Ta ce kafin a fara shigar da irin shuka wata ƙasa sai an sanar da ita, tana da kwana 270 ta ce i ko a'a. Madalla. Sai dai in an ce kayan na ci ne ko na dabbobi, ya isa a rubuta a takardar kaya cewa wataƙila akwai shi a ciki. Wataƙila! In kuwa an niƙa ko an matse, kamar dusa da ƙulin gurya, dokar ba ta ma san da su ba, wai ba su da rai. Su ne fa abin da muke sayar da ɗan maraƙi mu saya wa uwarsa in bazara ta yi tsanani. Harawar wake kuma ba wanda ya ko ambace ta.

Ba mu ce wannan abinci na kashe saniya ba, kada a ɗora mana abin da ba mu faɗa ba. Cewa muka yi mai saye ya san abin da yake saye. Burkina Faso ta rungumi wannan auduga a 2008, ta watsar da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi. Su da idonsu suka shiga, shi ya sa suka san ƙofar fita. Wanda abu ya shigo masa a cikin tiya, ta ina zai fita?

Saboda haka muna neman kowane buhun gurya, masara ko dusa da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji ke kawowa rumbunan abincin dabbobi ya zo da rubutun asalinsa, da Hausa da Fulatanci da Tamashek. A kuma ba makiyaya kujera a duk kwamitin da ke yanke abin da zai shigo. In an tsayar da saniyarmu a shinge, a tsayar da motar buhuna kusa da ita, a buɗe, a duba.