Hoton Mabuƙaci da Ikon Mai Fuska

A duk lokacin da aka yi rabon taki ko hatsi a Matazu da sauran ƙananan hukumomin shiyyar Funtuwa, akan jera zawarawa da marayu da waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu, kowa riƙe da buhunsa, a ɗauke su hoto a watsa a Facebook da WhatsApp, ba tare da an tambayi ko ɗaya ba. Haka aka yi wa fuskokin ɗaliban makarantar Ƙanƙara da aka sace a Disambar 2020, yawancinsu yara ƙanana.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa 'yancin sirri a kansa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, amma bai ambaci hoto ba, sannan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ɗauki wanda ya ɗauki hoton a matsayin mai aikin, wanda fuskarsa ke ciki kuwa ba ta ba shi mallaka ba. Kariyar tana cikin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda a ƙarƙashinta hoton da za a iya gane mutum da shi ya zama bayanin kai, wato abin da ba a sarrafa shi sai da yardar mai shi ko wata hujja ta doka, kuma idan yaro ne sai iyaye ko mariƙinsa sun amince. Wanda aka cuta na iya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, ko ya nemi diyya a kotu.

A ganinmu matsalar tana kan kalmar yarda, domin dokar ta gindaya cewa a bayar da ita ba tilas, alhali matar da ta san ƙin tsayawa gaban kyamara zai iya hana 'ya'yanta abincin dare ba ta da zaɓi. Rufin asiri, wanda Musulunci ya fifita a wajen sadaka tun kafin zuwan kyamara, shi ne ake keta a nan.

Hukumar tana Abuja, kuɗin lauya kuma ya fi ƙarfin manomin dawa, saboda haka ya dace gwamnatin Jihar Katsina ta umarci ma'aikatunta da ƙananan hukumomi su raba ɗaukar hoto da layin karɓar tallafi, a tambayi mutum bayan ya karɓi rabonsa.